Rasuwar 'Yar Baba, Kwamfutar Ɗakin Karatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kallon baƙin gilashi, tsohon malamin da ke hawa na biyu yana sanar da rasuwar kwamfutarsa, wadda matarsa mai rasuwa ke kira 'Yar Baba.

Ta rayu da mutunci. Ba ta da sauri, amma ba ta taɓa saɓa magana ba. In an tashe ta daga barci takan ce "ƙit" sau ɗaya, sai fankarta ta kama "hurrr" kamar tsohuwa mai gyangyaɗi. A gilashinta matar malam ta bar zanen ɗinkin da ba ta ƙarasa ba, jan fure rabi. Tun daga ranar da matar ta rasu malam bai yarda a kashe kwamfutar ba, har batir ya saya mata.

Ya ajiye ta a kan tsayayyen kanel, wato zuciyar manhajar da aka yi alkawarin ba za a taɓa ba sai da ƙaramin gyara da aka gwada. Malam ya karanta alkawura da yawa a rayuwarsa. Wannan kaɗai ya gaskata.

Ciwon ajali ya zo ta hannun masoya. Masu kula da direban hoto, manhajar da ke sa kwamfuta ta nuna abu a gilashi, suka tura tulin sauye-sauye cikin tsayayyen kanel, suka ce gyara ne. A sababbin katunan hoto, wato na'urar cikin kwamfuta da ke haska gilashi, suka gwada. Sun nemi mai tsohon kati irin na 'Yar Baba ya yi magana, da suka ji shiru suka ce kowa ya yarda. Sai surukin malam, mutum mai son tsafta, ya zo gaisuwa, ya sabunta komai, ya share tsohon kanel wai yana cin wuri, yana cewa Baba zai gode masa. Ya kashe, ya kunna. Ta ce "ƙit". Fanka ta juya. Gilashi bai sake haskawa ba.

An kai kuka. Masu gyara suka amsa cikin ladabi cewa sai magani ya fara shiga sabon kanel kafin a kawo shi cikin tsayayyen, kuma ba su san mai irin katin ba sai malam, ko zai gwada musu ya faɗi abin da ya gani. Ya ce ya ga duhu.

Ta bar allon rubutu mai gogaggun haruffa, da firintar da ba su taɓa jituwa ba, da surukin da ke ta rantsuwa an ceto hotuna. An ceto hotuna kam. Zanen ne ba a taɓa adanawa ba, domin mai shi ta ce za ta dawo ta ƙarasa.

Za a sauke ta daga tebur ranar Asabar da hantsi. Masu ta'aziyya kada su zo da sabuwar kwamfuta. Suruki ya zo, amma ya bar hannayensa a aljihu. Za a kwantar da ita a ƙasan kabad, kusa da keken ɗinki, su ci gaba da jira tare.