Yadda Za Ka Kula da Gidanka da Alli Kawai

Ɗan'uwa magidanci, matso kusa. Idan kai ma kullum sai an tare ka a tsakar gida da "ba ka gyara kaza ba, ba ka duba kaza ba" tun kafin ka sa takalmi, to wahalarka ta zo ƙarshe. Ni Kalilu, mai shagon kayan babur a nan cikin garin Daura, na gano hanyar da mutum zai yi suna wajen kula da gida ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba. Na gwada ta a gidana tun daga bazara har saukar damina. Na yi maka alkawari, in ka bi ta sau da ƙafa, za a daina damunka da tuni gaba ɗaya.

Mataki na ɗaya: Samo allo

Je wurin kafinta ya yanko maka katako mai faɗi, ya goge, ya shafa masa baƙin fenti. Kada ka yarda da ƙarami. Wanda Mansur kafinta ya haɗa mini, sai da muka karkata shi kafin ya shige zaure. Sayi alli kala-kala: ja na gaggawa, shuɗi na abin da zai iya jira, fari na abin da ba ka da niyyar yi ko kaɗan. Za ka ga farin ya fi saurin ƙarewa. Haka tsarin yake.

Kafa allon a tsakar gida, inda duk mai shigowa zai gani. Za ka yi gumi ranar, amma yi haƙuri, shi ne gumi na ƙarshe da za a nema daga gare ka.

Mataki na biyu: Mayar da kowace magana rubutu

Ga misali daga gidana. Muna da ɗakin ajiya na ƙasa mai rufin soro. A ciki akwai buhunan irin gyada na surukina Malam Mahdi, manomi a Baure. Gara ce ta cinye masa rumbu, sai ya kawo mana ajiya, yana cewa ɗakin mutanen birni ya fi aminci. Irin ba na kasuwa ba ne. Tun zamanin mahaifinsa ake zaɓensa da hannu kowace kaka, kuma shi ke nan abin da zai shuka a bana.

Wata safiya maiɗakina Murjanatu ta ce, "Baban Raihana, indararon ɗakin ajiya ya toshe fa, ga rufin ya tsattsage. A kira magini ya yi yaɓe kafin ruwa ya sauka. Ka san gyadar Baba na ciki."

A nan ne marasa ilimi ke kuskure. Wani ya yi musu, wani ya tashi neman tsani. Kai kada ka yi ko ɗaya. Ɗauki jan alli, rubuta a can sama: Gyaran indararo da yaɓen rufi. Sannan ka juyo ka ce da murya irin ta likita, "Kin gani? Ya shiga allo."

Ka riƙe wannan da kyau: aiki ba ya ciwo sai yana cikin kai. Da zarar ya koma jikin katako, ka huta.

Mataki na uku: Cika allon da abin da ka riga ka yi

Allo mai aiki ɗaya tak yana tona asiri. Don haka a ƙarƙashinsa jera: Shan koko. Sa hula. Zuwa shago. Dawowa daga shago. Soke su ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, yadda za a ji kukan allin har madafa.

Babban aikin kuwa, yanka shi gunduwa-gunduwa. Ni na rubuta "Tunanin kiran magini", na soke. "Neman lambar magini", na soke. "Kiran magini", na kira, wayar ta yi ƙara sau ɗaya na kashe don kada in takura wa bawan Allah, na soke. Duk wanda ya kalli allon zai rantse an kusa gama rufin.

Mataki na huɗu: Kula da allon kansa

Za a sake yi maka tuni, mata ba sa gajiya. Duk lokacin da aka yi, goge layin na sama ka sake rubuta shi da hannu mai kyau. Ja masa layi a ƙasa. Zagaye shi. Nawa har taurari na zana masa a gefe.

Murjanatu ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallona, ta ce, "Ni dai tun da nake ban taɓa jin alli ya tare ruwa ba."

Na ce, "Tsari ne, ba kowa ke ganewa ba."

Amma maganarta ta farkar da ni. Lallai ruwa na tafe, kuma zai iya wanke mini rubutu. A ranar ban yi nawa ba, na kira Mansur ya buga wa allon 'yar rumfar kwano mai kyau. Wannan shi ake kira hangen nesa.

Mataki na biyar: Yaɗa ilimi

Ɗauki hoton allon a waya ka nuna a majalisa. Maƙwabcina Zakiyyu mai walda ya duba ya ce, "Kai, Kalilu, ka zama Bature." Shi fa tuni ya hau soronsa ya yi yaɓe, ya share indararo, amma ba shi da ko layi ɗaya a rubuce da zai nuna. Tausayi ya ba ni.

Mataki na shida: Idan hadari ya haɗo

Murjanatu ta tafi Mashi sunan ƙanwarta, za ta yi 'yan kwanaki. A bakin zaure ta juyo ta ce, "Don Allah ka riƙa leƙa ɗakin nan." Na ce ta tafi hankali kwance. Kafin ta kai tasha na rubuta: Leƙa ɗaki.

Washegari da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Kada ka tsaya, rufe shago ka ruga gida kamar yadda na yi. Na shiga a jiƙe sharkaf, na nufi allon kai tsaye. Alhamdu lillahi, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na lura indararon maƙwabta duk suna zuba, namu ne kaɗai ya yi shiru, sai na ɗauka ruwan ne bai yi yawa ta wajenmu ba. An sake yin ruwa bayan nan, allon ya sake tsira.

Mataki na bakwai: Idan surukinka ya iso

Zai iso. Nawa ya gama shukar gero, ya zo ɗaukar irinsa ran da Murjanatu ta dawo. Durƙusa ka gaishe shi, ka ja gaisuwar iya ƙarfinka. Tambayi gona, tambayi shanu, tambayi mutanen Baure gida-gida. Duk da haka za ta ƙare, kuma za a buɗe ɗakin.

Wari ne ya fara tarbar mu. Ruwan da ya kwanta a soro ya bi ta tsakanin azara ya sauka kan buhunan. Ta sama gyadar ta tsiro, fararen tsiro sun huda buhu sun leƙo. Ta ƙasa ta ruɓe ta yi baƙi. Ina jin ni ne mutum na farko a ƙasar Daura da ya yi shukar gyada a cikin ɗaki.

Malam Mahdi ya sa hannu ya ɗebo, ya daɗe yana kallon tafinsa. Murjanatu ta fashe da kuka, "Baba, wallahi na faɗa masa, na faɗa."

Ya ce, "Ya isa, Murja."

Ya fito tsakar gida, idonsa ya sauka kan allon a ƙarƙashin sabon kwanonsa. Ya ce, "Malam Kalilu, ni boko ya wuce ni. Me aka rubuta a nan sama da ja, mai taurarin nan?"

A wannan gaɓa ba ni da dabarar da zan ba ka. Karantawa za ka yi. Na ce, "Gyaran indararo da yaɓen rufi, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Ashe ba mantawa aka yi ba."

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Tsohon nan ya tuɓe babbar riga, ya aika aka aro tsanin Zakiyyu, ya kwaɓa ƙasa da ƙafarsa. Da aka rasa abin ɗaukar kwaɓin, ya nuna allon ya ce a sauko da shi. Na ce, "Baba, don girman Allah ka bari ni in hau."

Ya ce, "A'a, kai dai riƙe mana allon, ka fi sabawa da shi."

Haka na tsaya a gindin tsani ina miƙa masa laka a kan rubutuna har ya gama. Ya wanke hannu, ya ƙi cin abinci, ya koma Baure ba ko buhu ɗaya. A bana irin kasuwa ya shuka.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin yoyon rufi, ruɓewar iri, ko sanyin gaisuwar surukai. Kada a nemo ni a shago. Allon ma ba ya aro, yanzu shi ne murfin akurkin kaji. Abin da na yi alkawari kawai shi ne za a daina damunka da tuni, kuma an daina. Jiya ƙofar bayan gida ta ɓalle. Ina zaune a tsakar gida Murjanatu ta wuce ta gabana da guduma, ba ta ce mini komai ba.