Ledar Lemon da Na Kai Dubiya

Ko zan manta da komai na hidimar aurena, ba zan taɓa mantawa da wata baƙar leda da na riƙo a asibiti ba, saura sati uku ɗaurin aure.

Ni tela ne, shagona yana cikin Kasuwar Jalingo. Lokacin ɗinkin Sallah ya haɗe mini da ɗinkin bikina, ga zafi kamar a toya ƙwai a kan kwanon shago. Tun safe nake hawa keke sai Magariba. Na daina shan ruwa don kada fitsari ya tashe ni, in kuma ya matsa sai in ce masa ya jira in gama wuyan riga (wuyan riga kuwa ba ya ƙarewa, in ka gama ɗaya ga goma suna kallonka). Rannan na je bayi na ji kamar an zuba mini barkono. Kwana biyu sai zazzaɓi, sai ciwon baya ta gefen ƙugu.

Nan tsoro ya shiga. A garin nan da an ji saurayi yana fama da ciwon sanyi, an gama yanke masa hukunci: yawon banza yake yi. Ni da Allah ya sani daga gida sai shago sai masallaci. Amma wa zai tsaya ya saurare ni? Mahaifin yarinyar da zan aura tsohon hedimasta ne, mutum mai tsare gida, wanda ko a ranar da nake da gaskiya ba na iya haɗa ido da shi. In labarin ya kai kunnensa, na san auren nan ya sha ruwa.

Sai na yi abin da jarumai irina suke yi: na je kemis na ce wani abokina ne ba shi da lafiya. Na sha ƙwayoyi kala uku. Na ƙara da wani jiƙo mai ɗaci da wani mai magani ya rantse yana wanke mara tas. Abin da ya wanke kawai shi ne cikina. Da na ga ina rawar ɗari da tsakar rana, na tsallake duk asibitocin da ke kusa da mu a Sarkin Dawaki, na hau keke napep har can wajen Kachalla Sembe, wani ƙaramin asibiti inda nake da tabbacin ko kare bai san ni ba. A ƙofa na sayi lemo, don bakina ba ya karɓar komai.

Likita ya saurare ni, ya tura ni ɗakin gwaji. Wata nas, Sista Rifkatu, ta rubuta sunana a filasta ta manna a jikin 'yar kwalba ta miƙo mini. Na je na yi abin da aka ce. Da na fito sai kunya ta hana ni ratsa mutane da kwalba a hannu, na ɗaure murfin da kyau na cusa ta ƙarƙashin lemon nan (har ina yaba wa kaina wayo).

Ina shan kwana sai na ji an ce, "A'a! Ɗana, wa ya gaya maka?"

Dada ce, mahaifiyar amaryata, da fulas a hannu. Ban san lokacin da na zube ƙasa ina gaisuwa ba.

"Mun ɓoye fa, ba mu gaya wa kowa an kwantar da Malam ba," in ji ta. "Ashe ka ji."

Da ina da hankali, a nan zan faɗi gaskiya. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai Dada irin wannan ba ya ɓuya. Na ce bari in zo in duba jikin Baba."

Idonta ya sauka a kan ledar. Kowa ya san ba a zuwa dubiya hannu rabbana. "Har da wahala? Useko, mun gode, Allah ya yi albarka." Ta miƙo hannu. Na riƙe, ta ja, na ƙara riƙewa. Ta ɗauka kara ce irin ta surukai, ta ce, "Kawo mana, ai ka riga ka kawo." Na saki. Na bi bayanta kamar ragon da za a kai mahauta.

Baba yana kishingiɗe, ana yi masa ƙarin ruwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kyau, har ya ce na kyauta. Ni kuwa idona yana kan Dada. Ta jawo faranti, ta kama gindin ledar ta zazzage. Lemo ya watse, kwalbata ta gangaro a hankali, cikin natsuwa, ta zo ta tsaya daidai gefen hannun Baba.

Ya ɗauki tabarau ya sa. Ya karanta sunana da ƙarfi, har da na mahaifina, kamar yana kiran rajista a aji. Na so ƙasa ta buɗe in shige. Kafin in haɗa wata ƙaryar sai ga Sista Rifkatu.

"Kai ne muna nema tun ɗazu! Ina fitsarin? Kai, jikinka yana zafi haka kana yawo?" Ta juya wajen Baba. "Papa, shi ma irin naka ne. Kusan duk gadon nan manya ne irinku sun cika. Kwanakin nan haka muna gani, ba za su sha ruwa ba, za su riƙe fitsari, za su sha maganin kemis har ya daina aiki, sai ya kai ƙoda kafin su zo."

Dada ta ja mayafi ta rufe baki ta fice, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Gado ɗaya ne ya rage a ɗakin maza, kuma na kusa da Baba ne. Da aka sa mini ruwa na tattara sauran ƙarfin halina na ce, "Baba, wallahi ba abin da kuke zato ba ne."

Baba ya gyara kwanciya. Sannan ya ce, "Ni me kake zato ya kawo ni? Sati biyu ina ɓoyewa. Yanzu haka 'yan masallacinmu sun san ina Zing wajen ɗaurin aure." Ya juyo. "Amma ni ban kai wa kowa tawa kwalbar a matsayin dubiya ba."

Dariyar da muka yi har sai da Sista ta leƙo. Kwana uku muka yi tare, kowa da jarkar ruwansa, muna haɗuwa a ƙofar bayi ina cewa, "Baba, ku fara," shi kuma yana cewa, "Yi sauri dai, yaro, ba wajen ladabi ba ne nan."

An ɗaura aure a ranar da aka sa. Abin da na koya shi ne, cutar da ka ɓoye wa likita, wata rana da hannunka za ka kai wa surukinka ita a faranti. Har yau in na kai tsaraba gidansu, Dada takan tare ni a zaure ta ce, "Ɗana, buɗe mu gani tukuna."