Ranar da Na Sa Keke a Lamba Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da na fara gani a shagon Oga Chidi a Sabon Tasha: kekuna rataye a rufi, tayoyi a sama, kamar nama a rumfar mahauta. Duk gwanjo ne, irin waɗanda Turawa ke tafiya mai nisa da su, da wurin ɗora kaya gaba da baya.

Ina aji uku a sakandare lokacin. Na gaji da matsatsin napep daga Tudun Wada zuwa makaranta, na yi ta roƙon Baba keke har ya yarda, amma da sharaɗi: sai na hau a gabansa ya ga na iya. In ban iya ba, magana ta mutu.

Oga Chidi ya sauko da biyu, kore da baƙi.

"Alhaji, koren nan giya ashirin da ɗaya, ko dutse zai hau. Baƙin giya bakwai, ba ya ba da wahala."

Ya durƙusa yana nuna mana farantai masu haƙora, uku a wajen feda, wasu a tayar baya. Wai in sarƙa ta hau ƙaramin gaba feda ta yi sauƙi, amma a baya ƙaramin ne mai nauyi. Ƙarami sauƙi, ƙarami nauyi. Kaina ya ɗaure. Abin da na riƙe kawai shi ne babban yatsansa ba shi da farce.

"Zainabu, kin gane?" in ji Baba.

Na gyaɗa kai. (Ni ko a aji ban taɓa cewa ban gane ba, balle a gaban baƙo.)

Na zaɓi koren, don ashirin da ɗaya ta fi bakwai. A hannunsa akwai lambobi, hagu da dama, da abin murɗawa. Nan na yi lissafina na 'yar makaranta: a jarrabawa na ɗaya ne gwani, to a keke ma lamba ɗaya ce mai gudu. Na ɗaure hijabina a ƙugu, na hau, na taka, na murɗa duka biyun zuwa ɗaya.

Jama'a, ƙafafuna suka kama juyawa kamar fanka, keken kuma yana rarrafe. Na ƙara ƙarfi. Gwiwoyina na sama da ƙasa, gumi na zuba, shagon bai ko yi nisa ba. Wata tsohuwa ɗauke da doya a ka ta zo ta wuce ni da ƙafa, har ta waigo ta ce, "Sannu da aiki, 'yata."

'Yan napep da ke layi a bakin titi suka fashe da dariya. Ɗaya ya ɗaga murya, "Hajiya, rage gudu, akwai yara a hanya!"

Oga Chidi na ihu daga baya, "Ƙara! Ƙara!" Ban san me zan ƙara ba. Na taka birki na tsaya, na murɗa komai har ƙarshe, na sake ɗora ƙafa. Feda ta ƙi motsi kamar an zuba mata siminti. Na miƙe tsaye a kanta da duk nauyina. Sai ji na yi ƙaras, sarƙa ta zame, ni da keken muka kwanta a hankali a gefen kwata, takalmina ɗaya a ciki.

Baba ya zo ya ɗaga ni, ya duba gwiwata, ya ce, "To, Zainabu, a bar maganar nan."

Ban san inda bakina ya samo ƙarfi ba. Na ce, "Baba, na iya keke. Bayanin ne ban gane ba."

"Da na tambaye ki fa?"

Na sunkuyar da kai ina kallon safata.

Oga Chidi ya mayar da sarƙar yana dariya. "Alhaji, laifina ne, ban gaya mata ba a canza giya a tsaye. Ta gwada baƙin." Ya sa shi a lamba huɗu, ya ce kada in taɓa komai. Na je ƙarshen layi na dawo lafiya, ban kalli kowa ba. Baba ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce a ɗaure baƙin a bayan mota.

Ranar na koyi cewa lamba ɗaya ta hawan tudu ce, kuma kunyar tambaya ba ta kai kunyar kwanciya a bakin kwata ba.

Motar Baba tana tsallaken titi, daidai inda 'yan napep suke. Na matsa kusa da Oga Chidi, na yi ƙasa da murya.

"Oga, don Allah, in shagon nan yana da ƙofar baya, ka fitar da ni ta can."