Sanarwar Rasuwar Walat ɗin Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu da suka yi luhu-luhu, telan shagon ƙarshen layi yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar walat ɗinsa ta kirifto, wato asusunsa na kuɗin intanet, wadda ta cika bayan gajeruwar jinya a kwamfutar mai fotokwafi.

Marigayiyar mai riƙon amana ce. Duk abin da keken ɗinki ya samo, ita ake damƙa wa, don a sauya kwanon rufin gidansa da ke yoyo kafin damina ta faɗi. Ba ta taɓa tona asirin maigidanta ba, ko ga matarsa. Mabuɗinta na sirri yana cikin wani ɗan filas na kwamfuta da tela ya ɗaure da zare ya rataya a wuya, da shi yake kwana, da shi yake cin abinci. Mai aski maƙwabcinsa, wanda ya koya masa harkar, ya sha ja masa kunne: "Kada ka kuskura ka soka filas ɗin nan a kwamfutar da ba taka ba." Tela ya kiyaye shekara da shekaru.

Sai zumuɗi ya ɗebe shi. Ya samu hoton wani jan kwano mai ƙyalli, ya so a buga masa mai kala ya nuna wa uwar 'ya'yansa. Sayen wani filas kuwa a wurinsa almubazzaranci ne, sai ya zuba hoton a na wuyansa. Ita kuma kwamfutar mai fotokwafi ba ta mayar da baƙo: 'yan makaranta, masu neman aiki, masu kwafar fim, kowa ya zo ya soka nasa. Ƙwayar cutar da ke cikinta ta fi ta sharar kasuwa. Tela ya soka, aka ji "tin-din", ashe kalmar ban-kwana ke nan. Kafin ya isa gida an kwashe mabuɗin, an yashe marigayiyar tas. Hoton dai ya fito da kyau.

Ta rasu ta bar filas ɗin, garau da shi amma ba ya tsinana komai, da waya mai ci gaba da ƙara tana yi wa maraya albishir cewa farashin kirifto ya tashi, da mai aski, wanda ya kasa daina cewa ai ya faɗa.

Ba za a fita da gawa ba, domin ba a san ƙasar da take ba. Za a yi zaman makoki a shago, ba a gida ba, saboda har yanzu uwargida ba ta ji ba. Ta manna hoton a bangon ɗaki, ta kuma rabar da duk robobin tarar yoyo ga maƙwabta. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya su yi ƙasa da murya, kuma kowa ya taho da bokiti.