Sashe Na Goma Da Babbar Riga

Ba zan taɓa mantawa da taron iyayen yara na farko da na jagoranta ba, a wata firamare kusa da Dayi. Sati uku ke nan da turo ni daga birnin Katsina a matsayin hedimasta na riƙo, sai ga takardar ƙorafi daga iyaye Kiristoci: in aka ci gaba da sa 'ya'yansu bin addu'ar Musulmi a taron safe, za su kwashe su. In suka kwashe su kuwa, riƙon nawa ya ƙare.

Na shirya tsaf. Na haddace sashe na goma da na talatin da takwas na kundin tsarin mulki (har gwaji na yi gaban madubi, matata na gefe tana tsaki).

A sahun gaba akwai wani dattijo mai babbar riga da hula zanna da farin gemu, na ji ana ce masa Malam Haruna. Na ce a raina, ga liman, ga tushen matsalar. Na tsare shi da ido na fara: gwamnati ba ta da addini nata, kuma ba a tilasta wa ɗalibi ibadar da ba tasa ba. Da na ga yana gyaɗa kai, sai na ƙara wuta.

"Baba, mu Musulmi mu ji tsoron Allah mana. Yaran nan amana ne!"

Sai da dattijon ya bari na gama tas, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ka faɗa. Ni ne faston garin, ni na rubuto takardar."

Wani siririn mutum mai tsohuwar kwat a gefensa ya yi gyaran murya. "Ni ne limamin. Ai tun a hanya muka gama maganar nan, a mashin ɗinsa ya ɗauko ni. A raba yaran, kowa ya yi addu'arsa. Sa hannunka kawai muke jira."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan ajiye kundin da na riƙo. Na sa hannu, ba a cire yaro ko ɗaya ba, amma har na bar garin sunana Malam Sashe Na Goma.

Yanzu kafin in karanta wa mutum 'yancinsa, nakan gaisa da shi in ji ko shi wane ne. Kundin ya hana gwamnati guda zaɓa wa mutum addini, ni kuwa daga ganin hula na zaɓa wa Malam Haruna nasa.