Injiniya Girrr

Wata uku na yi ina riƙe wa mai gyaran wuta tsani a kamfanin saƙa a Sharaɗa, shi ke nan na fara yawo da sukundireba a aljihun gaba. Da Alhaji Sule, baban Hadiza da nake nema, ya ce yana son ƙwan lantarki shida a silin barandarsa, sai na ce, "Alhaji, ku bar min, ai wannan ko ido rufe."

Na huda silin, na ja waya, na ga wata wayar a jikin bango na ce ke ma zo, na haɗa su. Alhaji ya tara maƙwabta su ga aikin suruki. Na danna makunni, shiru. Na ƙara da bisimilla, shiru.

Sai wani maƙwabci da ya makara ya danna ƙararrawar ƙofa. Girrr! Ƙwai shida suka kama tar. Yana saki suka mutu.

Alhaji ya dube ni. "Madalla, Injiniya. Kai za ka dinga tsaya mana kana dannawa, ko mu ɗauki maigadi?"

Hadiza dai na aure ta da ƙyar. Amma har yau in na yi sallama a gidan, surukata sai ta ce, "Girrr! Yara, an kawo wuta."