Yadda Na Shafa wa Mashin Ɗina Fatiha

Jama'a, duk wanda ya bi ta Ƙofar Atiku jiya da tsakar rana ya ga wani dattijo ya naɗe babbar riga a kafaɗa yana tura mota, zufa na zuba kamar an kwara masa bokiti, to kada ya wahalar da kansa da tambaya. Ni ne, Attahirunku na Runjin Sambo. Mai mota, in ji masu iya magana.

Da can mashin gare ni, tsoho amma ɗan halak. Shi ke kai ni aiki, shi ke ɗauko mini gero daga ƙauye, ko layin mai ya kai Illela kwalba ɗaya ta ishe shi. Ina zaman zamana sai Shaiɗan ya aiko mini da maƙwabcina Siddiƙu.

"Malam Attahiru, hurhura ta cika ma gemu, har yanzu kana bisa ƙahwa biyu? Taho in kai ka wurin Alhaji Ubaidullahi. Mota yau, biya sannu-sannu."

Ban san Siddiƙu na da la'ada a kaina ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na bi shi.

Alhaji Ubaidullahi mai sayar da motocin hannu ne, mutum mai ƙamshin turare da taushin murya. Ya dafa wata mota ruwan toka ya ce 'yar Kwatano ce, shekaranjiya ta sauka, ko ramin titinmu ba ta sani ba. Muka shirya zan ba da mashin ɗina kafin alƙalami, sauran a riƙa cira daga albashi duk wata. Na ce bari in kira bakanikena Ɗanladi ya leƙa ta. Sai fuskar Alhaji ta canza.

"Haba Malam! Sahu guda muka salla da kai, yau sai ka kawo min mai bincike? Ga mashin ɗinka nan gindin dogonyaro. In ta ba ka matsala, maido min abata, ka ɗauki abinka."

Kunya ta rufe ni, har ni ke ba shi haƙuri. Ya ce in zo gwaji da sassafe, wai lokacin hanya ba cunkoso. Na zo, muka zaga gari cikin sanyin safiya, mota na tafiya sumul.

Ashe baiwar Allah ba ta shiri da rana. Hantsi na dubawa sai ta fara tari, ta tafasa, ta tsaya cak duk inda ta ga dama. Mota mai gudun rana, a Sakkwato! Ɗanladi ya buɗe ta, ya rufe, ya ce mini, "Allah shi ba ka haƙuri, sai dai sabon inji."

Na koma wurin Alhaji. Ya ce ai abu mai sauƙi, a garejinsu za a gyara, kuɗin gyaran a ɗora bisa abin da nake biya. Suka gyara, ta tsaya. Suka sake gyarawa, ta sake tsayawa, bashi kuwa na ta ƙiba kamar ragon layya. Da na ga abin ba na ƙare ba ne na ce ga motarsa, a ba ni mashin ɗina. Ga shi ina kallonsa a gindin bishiya, an ɗaure shi da sarƙa. Alhaji ya ja carbi ya ce shi bai tuna an yi haka ba. Siddiƙu, shaidana, ya ce ranar mura ta toshe masa kunne.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Aka ce in kai kuka Kwamitin Share Hawayen Talaka, wanda manyanmu, Allah ya ƙara musu kumatu, suka kafa don irinmu. Kai, aiki ya yi kyau! Gini fes, motoci sababbi dal a jere, kowace da direbanta yana barci. Abin da babu kawai shi ne Ranka-shi-daɗe Mai Babbar Kujera. Yau ya tafi taro, gobe ya tafi ta'aziyya, jibi yana hutun gajiyar taron. Na yi ta sintiri a kan kabu-kabu, mashin ɗin haya, ni da na ba da nawa don in huta.

Ranar da Allah ya yi, aka zaunar da mu. Alhaji Ubaidullahi na shigowa Mai Babbar Kujera ya miƙe tsaye, suka rungume juna, aka tambayi iyali har da na ƙauye. Ni kuwa aka nuna mini benci. Na zayyana bayanina tiryan-tiryan.

"Wace mota ce wagga?" in ji Ranka-shi-daɗe.

Na ce ruwan toka, mai tsagar gilashi ta gefen direba.

Sai ya tuntsire da dariya har hula na zamewa. "Ai na san ta! Nan ohis ɗinmu ta yi aiki. Ni da hannuna na sa hannu cewa ta mutu, anka yi gwanjonta. Ba ta son rana, ko? Halinta ke nan tun tana sabuwa."

Na ce, "To ranka shi daɗe, gawa ke nan anka sai da min. Shi ya sa nike roƙon mashin..."

Bai bari na dire ba. Ya shiga wa'azin haƙuri da zumunci, ya ce duk ɗaya muke, duniya ba matabbata ba ce, abin hawa ba ya raba 'yan'uwa. Ina jiran ya numfasa in cusa maganata, sai kawai ya ɗaga tafuka sama ya ce, "Tunda an hwahimci juna, a yi muna Fatiha."

Jama'a, ku faɗa mini, wane ɗa ne babba zai ɗaga hannu shi ya bar nasa a cinya? Wallahi ban san lokacin da hannuwana suka tashi ba. Tarbiyya ce tun ta zaure. Na karanta, na ce amin da ƙarfi, na shafa har gemu. Sannan na ce, "Ranka shi daɗe, to mashin ɗin hwa?"

Alhaji Ubaidullahi ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! Malam, bayan an shahwa?"

Mai Babbar Kujera ya girgiza kai cikin takaici, ya ce bai zaci haka daga mai furfura ba. Magatakarda ya riga ya rubuta an sasanta. Har Siddiƙu, wanda kunnensa ya warke sarai, ya ce shi shaida ne na ce amin. Ni da na zo ƙara, ni na fita ina sunkuyar da kai. Washegari na bi ta gindin dogonyaro, ba mashin ba sarƙa. Na tsaya a wurin, hawaye suka zo mini, ban ɓoye muku ba.

Da na ba uwargida Zakiyya labari ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da ka tahi karɓo mashin, miye naka na riga liman cewa amin?"

Addu'a ba ta da laifi, masu ɗaga hannu daidai lokacin da talaka ya buɗe baki su za a tambaya. Ni dai yanzu ko Zakiyya ce ta ce mini Allah shi kiyaye hanya, sai na laluba aljihuna tukuna kafin in amsa.